Shago ɗaya, sola ɗaya, mu biyar

1/ Bara aikin zanen fosta na wani ɗan kasuwar Kano ya kuɓuce min. Kwana uku babu wuta, kwamfutata ta mutu. Wallahi har na fara haɗa kaya zan koma Sakkwato.

2/ Sai mu biyar muka kama shago a bakin titin Jega, nan Tambuwal. Muka yi karo-karo: sola, intanet, benci biyu.

3/ Yanzu har wata ƙanwarmu daga Kebbe tana zuwa, tana tallar turarenta a WhatsApp.

4/ Abin da muka samu nan yake zama: wurin mai shayi, mai tuwo, ɗan kabu-kabu.

5/ 'Yan uwa, ashe ba garinmu muke gudu ba, duhu muke gudu. Ku nemi mutum huɗu ku gwada.