Sanƙiran da Ya Riƙe Alƙalami

A cikin fadawan Faransa na dā, babu wanda ya tsaya mini a rai kamar Gilles Le Bouvier, wanda aka haifa a 1386. A 1420, Ingila na mamaye da yankin Normandi, Yarima Charles, wanda ya zama Sarki Charles na Bakwai, ya naɗa shi babban sanƙira mai laƙabin Berry. Aikinsa shela, jakadanci, da tantance tambarin gidajen sarauta.

Bai tsaya nan ba. Ya rubuta tarihin mulkin ubangidansa, da labarin ƙwato Normandi tsakanin 1449 da 1450, da littafin da ya siffanta ƙasashe da ɗabi'un mutanensu.

Na sani, kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Alƙalaminsa na ɓangaren sarkinsa ne. Amma manzon da ke shiga sansanin abokan gaba ba makami, ba shi da garkuwa sai a yarda da maganarsa. A ganina, wannan horon ne ya sa masana tarihi ke komawa ga rubutunsa har yau. Mai rubutu a inuwar mai mulki yana iya yin biyayya, matuƙar ya bar wa na baya shaidar da za su dogara da ita.