Kwana Uku Muna Baƙunta a Garinmu: Yadda Na Zaga Katsina da 'Ya'yana



Bari in fara da tambayar da ta hana ni barci, wataƙila ke ma an taɓa yi miki irinta. Wata ranar Alhamis na dawo daga asibiti a gajiye, ko takalmi ban cire ba, na tarar da 'ya'yana uku sun haɗa kai a kan wayar Abbansu. Wata 'yar'uwarsa da ke aure a Turai ce ta turo hotuna a zauren WhatsApp na dangi. Sun je hutu Italiya, ga su a gaban hasumiyar nan ta garin Pisa da ta karkace, ga su kuma a teburi ana cin abinci. Babbar 'yata mai shekara 11 ta ɗago kai ta ce, "Mama, mu me ya sa ba ma zuwa ko'ina? Ko mu ba mu da abin gani ne?"

Na ce ta tashi ta yi alwala, magariba ta yi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Kin san aikin jinya: wannan satin na safe, wancan na dare, ranar da kike gida kuma barci kike rama wa. Hutun makaranta a gidanmu bai wuce kallon talabijin in akwai wuta, da faɗa in babu. Kuɗin jirgi zuwa Italiya kuwa ko a mafarki ban lissafa shi ba. Sai dai rabin tambayar na biyu ya fi yi mini ciwo. A Katsina aka haife ni, a nan na yi karatu, a nan na yi aure, kuma shekara talatin da 'yan kai ina wuce Gobarau a kurkura ban taɓa taka ƙafata ciki ba. In ni ban sani ba, wa zai gaya wa yarinyar?

Da hutun watan Disamba ya zo na yi musayar kwanakin aiki da wata abokiyar aikina, na samu kwana uku a jere. Na gaya wa maigida shirina. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yawon buɗe ido a garin da aka yanke miki cibiya?" Na ce masa shi dai ya sa mai a mota.

Rana ta farko: Gobarau

Mun fita da hantsi, hazo bai gama washewa ba. In kin saba ganin hasumiyar a hoton kalanda za ki yi mamakin yadda take a tsakiyar unguwa, gidaje da yara da awaki sun kewaye ta, kamar tsohuwar da ta zauna a tsakar gida jikoki na ta kai da kawo. Ginin ƙasa ne zalla, tsayinsa wajen mita 15. Ta Pisa ta fi mita 50, da dutse aka gina ta, an kuma fara aikinta a 1173. Na faɗa wa yaran haka tun a mota don kada su ce na yaudare su. Amma na ce su lura da abu ɗaya: tamu da laka aka yi ta, irin wadda ruwan damina ɗaya ke rusa katangar gida da ita, ga ta kuma tsaye fiye da shekara 500.

Dattijon da ya zaga da mu ya ce asalinta hasumiyar babban masallacin gari ce, ana danganta gininsa da zamanin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na farko da ya musulunta. Wurin ya zama makaranta da ɗalibai ke zuwa daga nesa, ana kuma hawa saman don hango mahara. Ya ba mu labarin da ake bayarwa tun kaka da kakanni, na wani baƙon malami, Malam Jodoma, da ya saɓa wa malaman gari a kan inda alƙibla take, ya nuna da sandarsa, aka ce har mutane suka hangi Ka'aba. Daga baya hassada ta sa aka kore shi daga garin. Na tsakiyana, namiji ne mai shekara 8, ya ce, "Baba, to don me aka kore shi bayan shi ne mai gaskiya?" Dattijon ya dafa kansa ya ce, "Yaro, in ka girma ka gane."

Matakalar ƙunci gare ta, kuma ba a yi ta don mai dogon hijabi da goyo ba. Na miƙa auta ga Abbansu, na tattare zanena, na bi bayan manyan biyu ina salati. Da muka kai sama iska ta buge mu, sai ga tsohon gari a shimfiɗe: rufin kwano da na soro, bishiyoyin bedi, hasumiyoyin masallatai, hayaƙin girkin rana yana tashi daga gidaje. 'Yata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce in ba ta wayata. Ta ɗauki hoto da kanta, ta tura zauren dangi, ta rubuta a ƙasa: "Tamu ba ta karkace ba."

Da muka sauko yunwa ta kama kowa. Muka tsaya wajen wata mai waina, tana kwashewa daga tanda tana zuba mana da zafinta, ga miyar taushe, ga ƙuli-ƙuli da yaji ga mai so. A kan benci muka zauna, yaran suna hura yatsu.

Rana ta biyu: makarantar su Sardauna

Washegari muka nufi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda yanzu gidan adana kayan tarihi ce. A 1921 aka gina ta, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922 don horar da malamai. A nan Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Abubakar Imam, mawallafin Magana Jari Ce, shi ma ɗalibinta ne. A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga can ta koma Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau.

Abin da ya fara kama ni sanyin ɗakunan ne. Bangon ƙasa mai kauri, rufin azara, ba fanka ba komai, amma ka ce a gindin tsamiya kake. Na tuna ɗakinmu na marasa lafiya a watan Afrilu in wuta ta ɗauke, na yi ajiyar zuciya. Yaran kuwa tukwane da kayan yaƙi da tsofaffin hotuna suka ɗauke musu hankali. Na zaro naira biyar da naira ɗari biyu daga jakata na nuna musu fuskokin da ke jiki, na ce waɗannan mutanen biyu a cikin ɗakunan nan suka zauna suna koyon lissafi kamar yadda kuke yi. Na tsakiyan nan, wanda kullum sai an yi daga da shi kafin ya buɗe littafi, ya tambaya ko su ma ana dukansu in sun makara. Abbansu ya ce babu mamaki.

Abincin rana a gidan ƙanwar mahaifiyata muka ci, cikin gari. Na kira ta tun da safe na roƙe ta abu ɗaya: taliyar Hausa, 'yar murji, da manja da yaji da ɗan soyayyen albasa. Da aka ajiye farantin na ce wa yaran, an ce sunan taliya ma daga Italiya ya samo asali, don haka yau mu ma abincin Italiya za mu ci. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Wace Italiya kuma? Ni dai da hannuna na murza abina." Sai da aka ƙara faranti na biyu.

Da la'asar muka shiga kasuwa. Na sayi alkaki da nakiya, maigida ya sayi kilishi, yaran suka nace sai soyayyar fara. A nan na yi kuskuren da nake hana wasu. Auta ya ga wani zoɓo a ƙulle a leda ya fashe da kuka, ni kuma gajiya ta sa na saya masa ba tare da na san da wane ruwa aka haɗa shi ba. Wajen ƙarfe biyun dare ciki ya ɓaci, ya yi gudawa sau uku. Ni da ke tsayawa gaban mata kullum ina wa'azin tsabtar ruwa, ga ni zaune a bakin gado ina jin kunyar kaina. Allah ya taimaka ina da ƙunshin gishiri da sukari na ORS a jakata, na haɗa da lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, na riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, na fara masa ƙwayar zinc. Kafin azahar ya warware yana neman kilishi. Amma mun rasa safiyar rana ta uku, kuma laifina ne.

Rana ta uku: ƙofofi da Hajiya

Surukata ta ji labarin yawonmu ta ce ba za a bar ta a baya ba. Da yamma muka ɗauke ta, auta yana kwance a cinyarta, muka bi ƙofofin gari a mota: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa. Yaran sun san sunayen nan a matsayin unguwanni da wuraren hawa kurkura, ba su taɓa kawowa a ransu cewa ƙofofi ne na gaske da ake rufewa da dare ba. A Ƙofar 'Yanɗaka maigida ya rage gudu ya ce ta nan Lugga ya shigo da sojojinsa a 1903.

Hajiya ce ta ɗauki ragamar bayani daga nan. Tana nuna wurare da yatsa tana cewa nan ganuwa ta bi, nan kududdufi ne, nan mun yi wasan gaɗa. Inda ta nuna duk shaguna ne da gidajen siminti, sai can ba a rasa ba ka ga ɗan tudun jar ƙasa. Ta ce, "Ɗiyata, ku kun iske saura. Su waɗannan ban san mi za su iske ba." Motar ta yi tsit.

Muka tsaya a filin Kangiwa, gaban Ƙofar Soro, inda ake hawan sallah. Gidan Korau ke nan, fadar Mai Martaba Sarkin Katsina Abdulmumini Kabir Usman, wanda ya hau gadon sarauta a 2008. Hajiya ta jera wa jikokinta sarakunan da yatsunta: mahaifinsa Muhammadu Kabir Usman, kakansa Usman Nagogo, sai Muhammadu Dikko da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, wanda saboda shi ake ce wa garin ta Dikko ɗakin kara. 'Yata ta ce ita a zatonta karan dawa ake nufi. Hajiya ta yi dariya ta ce kara ita ce kunya da girmama baƙo, ki hana kanki ki ba wani.

Daga nan muka biya maƙabartar Ɗanmarna, mai ɗauke da sunan Wali Ɗanmarna, ɗaya daga manyan malaman Katsina na ƙarni na 17, shi da Wali Ɗanmasani. A nan aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayun 2010. Maigida da yaron suka shiga, mu mata muka yi addu'armu daga mota. Bayan magariba muka rufe da balangu mai zafi a takarda, da fura da nono da Hajiya ta dama da hannunta a gida, don ta ce ba ta yarda da damun kowa ba.

In kin tashi naki

Ki fita da wuri, kafin rana ta take, ki kuma tsara wuri ɗaya ko biyu kacal a yini, don ƙafar yaro ba irin taki ba ce. Ki ɗauki ruwan shanku daga gida, da sabulu ko man goge hannu. Abincin da za ki saya a waje ya zama wanda ake sauke shi daga wuta a gabanki. Ki ajiye ORS a jaka. In babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan yaro ya ƙi shan komai, ko yana ta amai, ko idonsa ya faɗa, ko kika ga jini a bayan gidansa, kada ki jira gari ya waye, ki kai shi asibiti. Lokacin hunturu ki sa wa mai asma takunkumi, ki riƙe masa abin shaƙarsa. Ki tanadi ɗan abin da za ki ba masu kula da wuraren, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoto, musamman a fada. Sannan in akwai tsohuwa a gidanku, ki tafi da ita.

Duk abin da muka kashe a kwana ukun nan, har da man mota, bai kai kuɗin turmin atamfa mai kyau ba. Da aka koma makaranta aka ce su rubuta yadda suka yi hutu, 'yata ta cika shafi biyu, ta kawo mini in duba mata. Ta rubuta Jodoma daidai, ta kuma ce in Allah ya kai mu hutu mai zuwa sai rijiyar Kusugu a Daura. Na riga na fara neman wadda za mu yi musayar aiki da ita.

Ke fa 'yar'uwa, wane wuri ne a garinku kike wucewa kullum ba ki taɓa shiga ba?