Dutsen Da Ke Kan Teburin Baba

Duk wanda ya taɓa shiga zauren gidanmu a nan unguwar ya san shi: wani dunƙulen abu shuɗi, kamar ƙwan agwagwa, da marigayi Baba yake danne takardunsa da shi. Tsaraba ce da ya zo da ita daga Gembu, inda ya yi aiki tun zamanin jihar Gongola, kafin a ƙirƙiro Taraba a 1991. Muna yara mukan ɗaga shi mu kalli rana ta cikinsa, a kore mu.

Bayan sadakar bakwai aka zauna maganar gado. Nan Autanmu, wanda ya yi wata biyu yana haƙa a Mayo Sina, ya ce, "Yaya, dutsen nan fa daga Mambila ya fito. In safaya ce, ya fi gidan nan kuɗi." Ɗakin ya yi tsit. Da yake makullin zauren a hannuna yake, kafin mako ya zagayo har an fara cewa ina shirin kai shi Jos a ɓoye. Wata ƙanwata ta daina gaishe ni. Hajiya ta kira ni ta ce, "Ka ɗauki ɗan'uwanka ku je a duba, kafin ku rabu a kan abin da ba ku san ko mene ne ba."

Muka je wurin wani dattijo da ya daɗe yana sayen duwatsu daga Nguroje. Ya jinjina shi a tafin hannu, ya yi murmushi, bai ce komai ba. Sai ya haska shi da tocila, ya miƙa wa Auta madubin ƙara girma. "Me ka gani, ɗana?" Auta ya ce ƙananan ƙwayoyin iska, zagayayyu. Dattijon ya ce wannan aikin wuta ne: in an narka gilashi, iska takan maƙale a ciki. Ya nuna mana wani siririn layi a gefe, inda bakin mazubin ya haɗu. Ya ƙara da cewa safaya mai wannan girman za ta fi shi nauyi da fiye da rabi.

Auta bai gamsu ba. "Baba Alhaji, a gwada dai." Ya nemi izininmu, ya ɗauko farin dutsen ƙanƙara ya karta gindinsa. Nan take ya yi zane. Ya ce a ma'aunin tauri mai hawa 10, safaya tana hawa na 9, ƙanƙara na 7, gilashi kuwa bai wuce 6 ba. Da safaya ce, ƙanƙarar ce za ta sha kashi. "Kwalba ce," in ji shi, "amma mai kyau. Ku riƙe abinku." Ko sisi bai karɓa ba.

A cikin Keke Napep ba wanda ya yi magana, sai da muka zo gadar Mayo Gwoi Auta ya ce, "Yaya, ka yafe mini." Na ce ya wuce. Gaskiya ni ma na ɗan sa rai.

Da na je mayar da shi mazauninsa ne na lura da takardun da yake dannewa, waɗanda sati uku ba wanda ya ɗaga. A cikinsu akwai wata da rubutun Baba: sunayen mutum huɗu da yake riƙe da bashinsu, har da mai kantin da ke bakin layinmu, wanda ya zo gaisuwa sau biyu bai ce uffan ba. Mun kuwa san ba a raba gado sai an biya bashi. Washegari ni da Auta muka bi su gida-gida.

Gilashin yana nan a zaure da tabonsa. Yanzu rasit ɗin wuta yake dannewa.