Jakar Da Na Sayo A Yamai

Ƙawayena sun sha tambayata dalilin da ya sa kullum jaka ɗaya nake ratayawa, ko biki ko suna, har wata ta taɓa ce mini ko gado na ci. To yau dai zan ba ku labarinta.

A shekarar 2018, bayan na gama sakandare, Gwaggona da ke aure a Yamai ta aiko a kai mata ni hutu. Mun tashi daga Kano da asuba, muka bi ta Katsina da Jibiya muka tsallaka Maraɗi, daga nan sai Birnin Ƙonni, Dogondutsi, Dosso, ba mu shiga Yamai ba sai tsakar dare. Amma duk tsawon hanyar nan hankalina yana gida. Ina da ƙane wanda shan inna ta kama tun yana goye a 2004, ƙafafunsa biyu suka shanye. Kafin in taho na ji wani maƙwabcinmu yana ba Baba shawara, wai tunda yaro ya tasa ga kuma halin rayuwa, a riƙa tura shi bakin titi a keke, Allah zai ba da. Baba bai amsa ba, amma kuma bai musa ba. Wannan shirun nasa shi ya hana ni barci.

Kwana uku da zuwana Gwaggo ta ce, "'Yar nan, tashi ki shirya. Wanda ya zo Yamai bai ga gidan tarihi ba ai bai zo ba."

Gidan adana kayan tarihin ƙasar Nijar an buɗe shi ne a 1959, kuma yana ɗauke da sunan Boubou Hama, marubucin nan da ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar har zuwa 1974. Ba nisa da kogin Kwara. Ɗakunansa ginin gargajiya ne irin namu na Hausa, ga kuma gidan namun daji a ciki, har da zaki da dorina. Na ga ƙasusuwan wasu manyan halittun zamanin da waɗanda aka tono a hamadar Agadas. Na ga kuma busasshiyar bishiyar Tenere, wadda ta rayu ita kaɗai tilo a tsakiyar sahara har wata babbar mota ta buge ta a 1973, aka ɗauko ta aka gina mata rumfa. Kai, ikon Allah sai kallo!

Amma abin da ya tsaya mini a rai yana can ɓangaren masu sana'ar hannu. Ga maƙeran azurfa Buzaye suna ƙera sarƙoƙi, ga masaƙa, ga dukawa, kowa yana aikinsa a gaban mai saye, babu ɓoye-ɓoye. A cikinsu akwai masu lalurar ƙafa. Idona ya sauka a kan wani dattijo zaune bisa tabarma, keken guragu a jingine gefensa, basilla a hannunsa yana ɗinka jaka. Ƙafafunsa sak irin na ƙanena. Wallahi ban san lokacin da na durƙusa ba.

"Ina wuni Baba? Sannu da aiki."

"Lahiya lau ɗiyata. Daga Najeriya ko? Na ji harshen."

Ya miƙo mini wata jar jaka ya ce in shinshina. Ƙanshin fata ne zalla. Ya yi mini bayani cewa fatar jar akuya ce, irin ta Maraɗi da Sakkwato, wadda tun zamanin fatake ake ketara sahara da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. A majema ake cire gashin, a jeme ta da bagaruwa, a shafe ta da mai ta yi laushi, jan launin kuwa daga karan dafi ake samo shi. Ya juya cikin jakar ya nuna mini ɗinkin, huda bayan huda, duk da hannu. Ya ce irin wannan ko wuri ɗaya ya tsinke ba ya warwarewa, a ƙulle shi a ci gaba da amfani.

Da na tambayi kuɗi ya ce jika goma. Ku sani a Nijar jika ɗaya sefa dubu ce. Ni kuwa da halinmu na Kanawa sai na taya jika huɗu. Gwaggo ta harare ni ta ce, "Ke! A Kantin Kwari kike? Wannan gumin mutum ne." Dattijon ya yi dariya ya ce kwana huɗu ya yi a kanta, kuma da wannan basillar ya yi aure, da ita yake ciyar da iyalinsa, har ya koya wa yara masu irin lalurarsa. Kunya ta kama ni. Na ƙirga kuɗin guzurina na ba shi ba ragi.

'Yan'uwa, mu yi wa kanmu adalci. Sau nawa muke sayen jakar roba mai sheƙi don biki ɗaya, kafin wata uku ta fara saɓulewa, hannun ya tsinke, mu jefar mu sayi wata? Hausawa sun ce araha ba ta ado. Ba mu san wanda ya yi ta ba, ba mu san ko an biya shi haƙƙinsa ba. Ita kuwa wannan na ga hannun da ya ɗinka ta, na san bakin da kuɗina ya ciyar. Sadaka tana da lada, babu shakka, amma wanda ka sayi aikinsa ka ba shi kuɗi, ka kuma bar masa mutuncinsa.

Ranar da na dawo Kano ban ko huta ba na ajiye jakar a gaban Baba, na zayyana masa duk abin da na gani. Ya daɗe yana jujjuya ta, sannan ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Sati bai zagayo ba ya ɗauki ƙanena ya kai shi wurin wani baduku a Ƙofar Wambai. Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Ya sha sukar basilla, ya sha kuka, sau biyu yana cewa ya fasa. Yau alhamdu lillahi takalma da jakunkuna yake ɗinkawa, kuma takalmin da Baba ya je Idi da shi aikinsa ne.

Jakar tana nan har gobe. Jan ya ƙara duhu, maratayin sau ɗaya aka sake shi, ƙanena ne ma ya sake mini. Don haka ke mai shirin haɗa lefe ko kayan ɗaki, idan kin shiga kasuwa ki tambaya wa ya yi, da me aka yi. Ko tabarma ce, ko faifai, ko jaka, ki nemi ta masu sana'ar hannu, musamman masu lalura, kuma don Allah kada ki yi irin tayin da na yi.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.