Zaren Kitso Ba Ya Talewa, Sai Mu Sassauta Birki



A cikinmu nan Lakwaja, masu fita fatsa da sanda mai ril ranar Asabar da Lahadi sun ƙaru, kuma da yawanmu mun bar zaren roba mun koma zaren kitso. Ya fi siranta, ya fi ƙarfi, yana zuwa nesa idan an jefa, ko ɗan taɓa tana kifi ya yi sai ka ji a hannunka. Amma kukan da muke ta ji ɗaya ne: kifi ya kama, ya fizga, sai ƙugiya ta miƙe ko ƙulli ya tsinke. Kifi ya tafi, zare mai tsada ya bi shi.

Mafi yawan lokaci laifin na birkin ril ne, wato abin murɗawar da ke sakin zare idan ja ya yi yawa. Zaren roba yana talewa, shi yake shanye fizgar farko. Na kitso kusan ba ya talewa, saboda haka duk ƙarfin giwan ruwa ko babbar tarwaɗa kan ƙugiya da ƙulli yake sauka. In birki bai saki ba, wani abu zai saki.

Ƙa'idar da muke bi ita ce kada birki ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Wanda aka rubuta fam 30 a kwalinsa yana ɗaukar kusan kilo 13 da rabi, birkinsa ke nan wajen kilo 3 da rabi. In akwai guntun zaren roba a gaba wanda bai kai wannan ƙarfi ba, da nasa za a yi lissafi. Kuma kada mu yi kintace. A ɗaura zaren a sikelin rataya irin na mahauta, a ja, a duba inda ya fara saki. Wanda ba shi da sikeli ya zuba fiya wata 7 a leda, kowace rabin kilo ce.

Zaren kitso yana da santsi, yakan zame a kan ril har mutum ya zaci birki ya lalace. A fara naɗa ɗan zaren roba a ƙasa. Idan kifi ya ja zare mai yawa, birki yana ƙara tsauri da kansa, don haka ba lokacin ƙara murɗawa ba ne. In ƙugiya ta maƙale a dutse, a naɗa zaren a itace a ja, don yana yanka yatsa kamar reza. Mu faɗa wa yaranmu wannan musamman. Bayan an tashi, a sassauta birkin gaba ɗaya kafin a ajiye.

Masu sikeli su zo da shi fita ta gaba, mu gwada na kowa a bakin ruwa kafin a jefa. Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mu a ruwa.