Waƙa a Bakin Mai Ita

Malamanmu na zaure, Allah Ya jiƙansu da rahama, sun kasance suna kasa ilmi kashi biyu, ruwaya da diraya, watau karɓar karatu daga bakin wanda shi ma ya karɓo daga na gaba da shi, sa'an nan fahimtarsa da feɗe shi da hankali; kuma ba su yarda almajiri ya tsallaka zuwa na biyu ba sai ya ƙoshi da na farko, domin a wurinsu wanda ya ɗauki karatu daga takarda kaɗai, bai durƙusa gaban malami ya ji yadda ake furta shi ba, kuskurensa ya fi dacewarsa yawa. An kafa wannan ƙa'ida ne saboda Alƙur'ani da Hadisi da Fiƙihu, kuma ban isa in haɗa darajarsu da ta waƙar makaɗa ba. Amma bayan tsawon ran da Allah Ya ba ni ina sauraron mawaƙan ƙasar nan, ina kuma karanta abin da masana suka rubuta a kansu, na sakankance cewa a cikin fannonin duniya babu wanda ya fi nazarin waƙa bukatar a riƙe masa ita.

Ina zaune a Runjin Sambo cikin Sakkwato, kusa da hanyar da ɗalibai ke bi zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, saboda haka ba a rasa yaro ko yarinya da kan ratso wurina da kundin bincike a hammata, wani a kan Narambaɗa, wata a kan Ɗan'anace da 'yan dambensa, suna neman tsoho ya warware musu wata kalma da ta gagare su. Nakan yi murna da zuwansu, nakan kuma yi mamakin ikon Allah, domin a zamanin ƙuruciyarmu da wani ya ce za a wayi gari mutum ya zama Farfesa a kan waƙar maroƙa, da an ce ya zautu. A lokacin nan mutane na cika ƙofar fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ran salla don su ji taushin Salihu Jankiɗi, masu hali na tuɓe riga su ba makaɗi, amma in makaɗin nan ya nemi auren 'yarsu sai fuska ta sauya. Ana ƙaunar waƙar, ana ƙyamar mai ita, kuma har yau ban ga wannan hali ya bar mu sarai ba.

Lamarin yana da asali, ba haka kawai ya faɗo ba. Masu jihadin 1804 sun tarar da fadojin Haɓe cike da kaɗe-kaɗe da bushe-bushe da roƙo, suka lissafa su cikin abubuwan da suka zo gyarawa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsananta a wasu littattafansa, daga baya ya sassauta a kan wasu kayan kiɗa idan akwai manufa ta shari'a, alhali ƙaninsa Abdullahi na Gwandu ya tsaya a kan tsanantawa, kuma wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya tattara wannan mas'ala a littafin da ya fitar a 1986. Amma abin lura shi ne, waɗannan bayin Allah da suka taka wa ganga burki su ne suka fi kowa sanin ƙarfin muryar da aka rera. Da waƙa suka isar da tauhidi da farillan alwala ga makiyayi da manomi. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajojinta suka haddace su suka kai wa 'yan taru a ƙauyuka, ba a rubuce kaɗai ba, a bisa harshe. Tabban Haƙiƙa kuwa ta ratso hannu uku, Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, amma galibinmu daga bakin makafi muka fara jin ta, tun ba mu san baƙi da wasali ba. Ashe ke nan a birnin nan ko rubutacciyar waƙa ma da kunne ake gadonta.

Turawa ne suka fara shigar da waƙar baka cikin ilmin jami'a, wannan gaskiya ce da ba ta rage mu da kome. M. G. Smith ya yi rubutu a kan roƙo da matsayinsa a zaman jama'a a 1957, David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, sa'an nan namu suka karɓa: Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, shekarar da aka kafa jami'ar nan ta Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Shehu a 1988. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa hanya da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, ya kuma yi wahalar bin tarihin makaɗa gari gari. A nan gida Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya ba mu Jigon Nazarin Waƙa da Salo Asirin Waƙa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya keɓe wa Narambaɗa littafi sukutum a 2009. Waɗannan mutane sun ji waƙa da kunnensu kafin su ɗauki alƙalami, shi ya sa rubutunsu ke da rai. Damuwata tana ga waɗanda suka biyo baya, waɗanda suka gaji littattafan ba su gaji sauraron ba.

Sau da yawa ɗalibi kan buɗe mini kundinsa in ga ya jera turke da tubalansa, ya ƙirga kamance da siffantawa da jinsarwa, ya ware zuga daban, zambo daban, habaici daban, kome tsaf kamar yadda aka koya masa. Amma in na tambaye shi yadda jagora ke ɗaga murya a wane ɗa, da inda 'yan amshi ke karɓe masa magana tun bai dire ba, sai ya yi shiru, domin matanin da ya yi aiki da shi daga wani kundi ya kwafo, wancan ma daga wani ya kwafo, har a rasa wanda ya taɓa jin faifan. Waƙar da aka kwantar a takarda kamar fatar damisa ce da aka shanya: zanen yana nan, amma babu tsalle babu gurnani. Ina raujin? Ina numfashin da makaɗi ke ja kafin ya jefa habaici, wanda shi ne ke sanar da fadawa cewa ga kibiya nan tafe? Ina maganar da kotso ke yi da kansa, wadda wani lokaci ita ce rabin ma'ana, tun da take ne na wani basarake da kowa a wurin ya gane ba sai an ambaci suna ba?

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, ita ce gyara wa makaɗi harshe. Narambaɗa na Isa, da Ɗankwairo na Maradun, da Sa'idu Faru, da Aliyu Ɗandawo, duk da Hausar yamma suka yi waƙa, mai rubutawa kuwa an horar da shi a kan Daidaitacciyar Hausa, sai hannunsa ya riƙa mayar da «yat tahi» zuwa «ya tafi» ba tare da ya ankara ba. A zance wannan ba wani abu ba ne, amma a waƙa gaɓa mai nauyi ce aka mayar marar nauyi, kuma a kan nauyin gaɓoɓi ne kari ya ginu. Idan aka yi haka a ɗa guda sau uku ko huɗu, to an rushe awon da makaɗi ya auna, sa'an nan wani manazarci ya zo daga baya ya yanke hukunci cewa waƙar ba ta da daidaitaccen kari. Laifin na marubuci ne, aka ɗora wa mamaci.

Wannan ya kawo ni ga aruli. Ilmi ne mai daraja, Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da shi tun ƙarni na takwas na Miladiyya, kuma Farfesa Galadanci ya nuna a 1975 yadda rubutattun waƙoƙinmu da yawa suka hau baharorin Larabawa, abin da duk wanda ya rera waƙoƙin masu jihadi ba zai musa ba. Amma ba na goyon bayan a ɗauki Basiɗ ko Kamil a ce dole sai waƙar kalangu ta shiga ciki, in ta ƙi a ce ta karye. Ma'aunin makaɗi yana hannun masu kiɗansa. Ai har marubutan ma ba duka ne suka sha daga Larabci ba, tun da Aliyu Namangi na Zariya a kan karin kiɗan caji ya ɗora Imfiraji, ya ɗauko muryar dandali ya yi wa'azi da ita. Kuma su Larabawan da muke koyi da su ba su tsaya ga kalmomi ba: Abul Faraji na Isfahan, a Kitabul Agani, idan ya kawo waƙa sai ya faɗi wanda ya tsara baitocin, da wanda ya sa musu murya, da irin bugun da ake rera ta a kai, da isnadin waɗanda suka ba shi labarin. Yau fiye da shekara dubu ke nan, kuma ban ga kundin da ya fi shi cika sharuɗɗan amana ba.

To, su wane ne maruwaitan waƙar baka? 'Yan amshi ne. Wannan shi ne babban abin da shekaru suka koya mini, kuma shi ne aka fi sakaci da shi. Muna cewa waƙar wane, alhali jama'a ce ta haɗu ta yi ta. A gidan makaɗan fada akan zauna a ƙulla waƙa tare, wannan ya kawo ɗa, wancan ya gyara gindi, kuma a wurin rerawa 'yan amshi ba maimaici kaɗai suke yi ba, suna yin ƙari, suna yin karɓeɓeniya, suna tuna wa jagora abin da ya shige masa. Musa Ɗankwairo kansa, kafin ya zama Ɗankwairon da Sardauna ya ɗaukaka, ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa Usman Ɗankwanda da wansa Abdu Kurna, a can ya koyi sana'ar. Ya rasu a 1991, Shata ya bi shi a 1999, amma da yawa daga waɗanda suka tsaya a bayansu sun rayu bayan haka, a ƙauyukansu, cikin rashi, kansu cike da ilmin da babu shi a kowane ɗakin karatu: ranar da aka fara rera waƙa kaza, da dalilin yin ta, da wanda ake nufi da wancan zambo. Na zauna da irinsu, na ga yadda fuskar tsoho ke washewa idan aka tambaye shi abin da ya sani maimakon a miƙa masa sadaka a wuce. Kaɗan ne cikin kundayen da na gani suka ambaci sunayensu, ko da a shafin godiya.

Sai dai a nan akwai wani ladabi da nake so 'ya'yana ɗalibai su riƙe. Ba duk abin da aka faɗa maka ne na bugawa ba. Zambon fada da 'yan sarki masu jiran gado ake yi, makaɗi kuwa ya lulluɓe shi da sunan dabba ko wata siffa don hikima, waɗanda aka yi dominsu sun gane, sauran jama'a sun yi dariya an tashi lafiya. Yau jikokin wanda aka yi wa zambon suna nan da ransu da mutuncinsu, wasu ma su ke riƙe da sarautar. Manazarcin da ya yaye wannan lulluɓi ya rubuta suna ƙuru-ƙuru don a ce ya yi bincike, ya aikata abin da makaɗin da kansa ya ji kunyar aikatawa, kuma ina jin tsoron kada ilminsa ya koma giba mai lambar shafi. A bayyana yadda habaicin ke aiki, a ajiye sunan a inda ya dace.

Game da mawaƙan zamani masu shiga sutudiyo kuwa, ba ni cikin tsofaffin da ke cewa ba waƙa suke yi ba. A nazarce su, suna da jama'arsu da fasaharsu, illa dai na'ura ta ɗauke musu aikin 'yan amshi da na makaɗa, don haka ma'aunin da aka yanka wa Jankiɗi ba zai zauna musu daidai ba, sai an sake wani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne fayafayai. Muryoyin manyan makaɗan nan da muke taƙama da su, mafi yawansu gidajen rediyo ne suka ɗauke su a kan zare, sai kuma kaset-kaset da 'yan kasuwa suka yi ta kwafa har murya ta dushe. Na taɓa neman wata waƙa a wani gidan rediyo, wadda na ji da kunnena an sa a can shekarun baya, aka ce mini an ɗora wani shiri a kan zarenta saboda ƙarancin kayan aiki. Zafin ƙasar nan da ƙurar hunturu ba su bar zare ya daɗe, waɗanda ke yawo a wayoyin hannu kuwa sau da yawa an yanke musu kai ko gindi, an laƙaba musu sunan wani makaɗin da ba shi ya yi ba. Ibn Haldun ya faɗa a Muƙaddima cewa sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana a cikin wayewar al'umma, ita ce kuma ta farkon gushewa idan al'amari ya soma ja da baya, kuma ban ga dalilin da zai sa mu zama togacciya ba in muka yi sake.

Saboda haka ina roƙon malaman sassan Hausa, a nan Sakkwato da Kano da Zariya da Katsina har Yamai, da su sharɗanta wa kowane ɗalibi cewa kundin waƙa ba ya karɓuwa sai da muryar da aka yi nazarin a kanta, da bayanin inda aka samo ta, da sunan wanda ya tabbatar da matanin. Ina kuma roƙon duk wanda mahaifinsa ya bar masa akwatin kaset a ɗaki, kada ya zubar, kada ya bari yara su warware zaren. Ya kai shi Cibiyar Nazarin Hausa ta jami'a ko Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ya nemi a kwafe a kwamfuta a mayar masa da abinsa. Ku kuma 'ya'yana, duk wanda ya san inda wani tsohon ɗan amshi yake a Isa ko Maradun ko Talatar Mafara, ya shirya ya je masa a lokacin hutu, da goronsa da na'urar ɗaukar magana, kada ya jira sai an ba shi taken bincike.