Hoton Da Ba A Ɗauka Ba

A bangon ɗakin mahaifina akwai hoton kakana: yana zaune kan kujera da rawani da babbar riga, hannunsa bisa sanda, bayansa labule mai zanen furanni. Na tashi ina kallon wannan fuska har na haddace ta. Kakata kuwa, wadda muke kira Iya, ta rasu kafin a haife ni, kuma babu hotonta ko ɗaya a duniya.

Wata rana na tambayi gwaggona dalili. Ta ce, “Ke ma dai! Wa zai ɗauke ta? Mai hoton namiji ne, iyakarsa zaure. Shi ba ya shiga, ita ba ta fita.”

Wannan amsa ce ta sa ni bin sawun matan da suka fara riƙe kyamara. Na fara cin karo da Julia Margaret Cameron ta Ingila, wadda ’yarta ta ba ta kyautar kyamara a 1863, tana da shekara 48. Ta mayar da ɗakin kaji wurin ɗaukar hoto, ɗakin ajiyar kwal kuma ya zama ɗakin duhu na wanke shi. A lokacin sai an shafe farantin gilashi da sinadari, a ɗauki hoton kafin ya bushe, wanda ake ɗauka kuma ya zauna bai motsa ba na tsawon lokaci. Mazan da ke sharhi a mujallun sana’ar suka ce ba ta iya saita kyamara ba, domin hotunanta dishi-dishi suke. Ita kuwa da gangan take yi. Ta ɗauki Charles Darwin, ta ɗauki ’yan aikin gidanta mata da kulawa iri ɗaya.

Amma wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Karimeh Abbud, Bafalasɗiniya, ’yar wani limamin coci na Baitalami, wadda ta rasu a 1940. Ta yi aiki a Nazarat da Haifa da Baitalami, a sana’ar da maza suka cika. Tana buga hatiminta a jikin hotunanta da Larabci da Turanci, inda ta bayyana ƙarara cewa mace ce ta ɗauka. Da farko na zaci ƙarfin hali ne kawai. Daga baya na gane sanarwa ce ga iyalan da ba za su tsayar da matansu gaban baƙon namiji ba. Mata na zuwa wurinta hankali kwance, ita ma tana shiga gidajensu da kayan aikinta. Abin da ake ganin naƙasu ne gare ta a sana’ar, shi ya buɗe mata ƙofofin da abokan aikinta ke tsayawa a bakinsu.

Kusa da mu ma, a shekarun 1950, Felicia Abban ta buɗe shagonta na hoto a unguwar Jamestown ta birnin Accra, bayan ta koyi aikin a hannun mahaifinta. Ke nan abin ba gagara ya yi ba. A garinmu ne dai ba a samu wanda ya miƙa wa ’yarsa kyamara ba.

Na koma wurin Gwaggo da waɗannan labarai, ina ɗokin ta taya ni baƙin ciki. Ta saurara, sannan ta ce, “Ko da macen ce ta zo, ban tabbata Iya za ta yarda ba. Ba ta son a zuba mata ido.”

Na yi shiru, domin ban taɓa kawo wannan a raina ba. Ina ta kukan an hana ta, ban tambayi ko tana so ba. Sai dai har yau ina ganin da bambanci tsakanin wadda aka tambaya ta ƙi da wadda tambayar ba ta taɓa iske ta ba.

Don haka na tambayi Gwaggo ko zan ɗauke ta. Ta harare ni, ta ce in jira. Ta shiga ɗaki ta buɗe adaka, ta fito sanye da awarwaron Iya, ta gyara mayafi, ta zauna kan tabarma ta fuskanci hasken tsakar gida.

Ta ce, “Ki ɗauko hancin da kyau. Nata ne sak.”